SAUYA WA BASHI GIDA

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan magana ba a ƙasarmu kaɗai ta tsaya ba, gama ko a Ingila, inda waɗansu ke zaton kowa mawadaci ne, akwai miliyoyin masu albashi waɗanda ba su ganin ƙarshen wata sai da kuɗin banki. A cikin dabarun da su ke yi don rage nauyin wannan bashi akwai wata da mu ke so mu bayyana wa masu karatu yau, watau ɗauke bashin daga asusun banki a mai da shi bisa katin bashi mai sauƙin ruwa. Dabara ce da dokar ƙasarsu ta yarda da ita. Ta fid da mutane da yawa daga wahala, ta kuma ƙara dulmuyar da waɗansu. Abin da ya raba waɗannan da waɗancan kuwa ɗan lissafi ne wanda yaron da ya iya rabawa zai iya yi a allo, shi ya sa mu ka ga ya kamata malaman makaranta da akawuna su san shi.

Bashin zarce ajiya

Idan mutum yana da asusu a banki, ka'ida ita ce ba ya fid da abin da ya fi ajiyarsa. Amma banki ya kan yarje wa wanda ya amince da shi ya zarce, har zuwa wata iyaka da su ka shirya. Wannan shi Turawa ke kira obadiraf, mu kuwa za mu kira shi bashin zarce ajiya. Tsohon abu ne ƙwarai. A shekarar 1728 bankin Royal Bank of Scotland, yana da shekara guda da kafuwa, ya yarje wa wani ɗan kasuwa na birnin Edinbara mai suna William Hog ya riƙa ɗibar kuɗi har £1,000 fiye da abin da ya ajiye, a bisa sharaɗin zai biya ruwa gwargwadon abin da ya ɗiba da kwanakin da ya riƙe shi. Don 'yan kasuwa a ka ƙago shi, saboda su sami abin juyawa tsakanin ranar sayen kaya da ranar da kuɗin ciniki za su shigo.

Da tafiya ta yi tafiya, sai abin ya sauko kan masu albashi. Amfaninsa a fili ya ke: ba sai an cika takarda kowane wata ba, in albashi ya ƙare saura kwana biyar wata ya mutu, sai mutum ya ci gaba da cefane, ranar da albashi ya shigo ya cike gurbin. Illarsa kuwa ɓoyayyiya ce. Ba a yanka wa wannan bashi ranar biya ba, ba a kuma ce ga abin da za a riƙa biya kowane wata ba. Saboda haka mutum ya kan zarce da £100 bana, baɗi ya ga ya kai £600, har ya wayi gari albashinsa duka bai isa ya dawo da asusun kan sifiri ba. Daga nan ya zama yana aiki wata guda cur don ya biya abin da ya ci a watan jiya. Har wa yau akwai wani sharaɗi da mutane ba su cika karantawa ba, shi ne banki yana da iko ya rage iyakar, ko ya ce a biya shi kuɗinsa duka, a lokacin da ya ga dama.

Yadda ruwan ya hau

Kafin shekarar 2020 bankunan Ingila suna da farashi iri biyu. Wanda ya zarce da izini yana biyan wani abu, wanda ya zarce ba izini, ko ya wuce iyakar da a ka yanka masa, yana biyan tara mai tsanani, sau da yawa ta kowace rana. Hukumar da ke lura da harkokin kuɗi a ƙasar, wadda a ke kira FCA, ta bincika, ta tarar a shekarar 2017 bankuna sun sami abin da ya haura fam miliyan 2,400 daga wannan bashi, wajen kashi 30 cikin 100 kuwa daga masu zarcewa ba izini ya fito. Ta kuma tarar a 2016 fiye da rabin tarar nan daga aljihun mutane ƙalilan ta fito, waɗanda ba su wuce ɗaya da rabi cikin kowane 100 na masu asusu ba, mazauna unguwannin talakawa kuma su ne abin ya fi shafa.

Sai hukumar ta kafa sabuwar ka'ida, ta sanar da ita a watan Yuni na 2019, ta fara aiki sosai ran 6 ga Afrilu, 2020. Ta hana tara ta kwana ko ta wata, ta hana a fifita farashin zarcewa ba izini bisa na mai izini, ta kuma ce lalle kowane banki ya faɗi ruwansa da adadi guda na shekara, yadda kowa zai iya gwada shi da na sauran basussuka. Talakan da a da ya kan biya wajen £5 a kwana don ya zarce da £100 ba izini, sai ya koma biyan ƙasa da kwabo 20 na kuɗinsu, fam guda kuwa kwabo 100 ne tun 1971. Wannan gyara ne babba.

Amma bankuna ba su yarda su yi hasara ba. Abin da su ka rasa a wancan gefe sai su ka nemo shi a wannan. Nationwide ya fara, ya sa ruwansa 39.9 cikin 100 a shekara, HSBC da Santander su ka bi shi da wannan adadi daidai, Barclays ya tsaya a 35, Lloyds kuwa ya kai waɗansu masu asusunsa har 49.9. Kamannin farashin ya yi yawa har hukumar ta rubuta musu a watan Janairu na 2020 ta ce su bayyana yadda a ka yi su ka haɗu a wuri ɗaya. Ta haka mutumin da ya saba zarcewa da izini yana biyan ƙasa da 20 cikin 100 ya tashi ya ga ruwansa ya ninka. Bashin da a da a ke ganin ya fi katin bashi sauƙi ya koma ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Tun daga lokacin ne maganar sauya masa gida ta ƙara ƙarfi.

Katin bashi da irinsa

Katin bashi dabam ya ke da katin da yawancinmu mu ka sani, wanda a ke cirar kuɗi da shi daga ajiyar mutum. Da katin bashi, kamfanin da ya ba ka shi ne ke biya maka, sa'an nan ya aiko maka da lissafi a ƙarshen wata. A Amurka a ka fara shi: Diners Club ya fito a 1950 a birnin Niyu Yok, sa'an nan a 1958 Bank of America ya fid da katin da ke barin mutum ya biya kaɗan ya ɗage saura zuwa gaba da ruwa, shi ne ya zama Visa a 1976. A Ingila kuwa Barclaycard ne na fari, a 1966. Da kamfanonin kati su ka yi yawa, gasa ta yi zafi, sai su ka shiga zawarcin masu bashi: kawo bashinka wurinmu, za mu ɗauke maka ruwa har wata kaza.

A nan sai mai karatu ya natsu, domin tayin iri biyu ne, kuma rikita su ya jawo wa mutane hasara. Na farko shi ne na ɗauke bashi daga wani kati zuwa wani kati. Wannan ba ya taɓa bashin zarce ajiya ko kaɗan, gama shi ba a kati ya ke ba. Na biyu shi ne wanda kamfanin kati ke zuba tsabar kuɗi a cikin asusunka na banki, su cike ramin, sa'an nan bashin ya koma kan katin. Wannan na biyun shi ne abin da mai zarce ajiya ke bukata, kuma ba kowane kati ke yinsa ba. Kamfanin ya kan karɓi la'ada sau ɗaya, galibi tsakanin 3 da 5 cikin 100 na kuɗin da ya zuba, ya kuma ba da wa'adin da ba ruwa a ciki, sau da yawa wajen shekara guda. Ya kan sa sharaɗin a yi ƙaurar a cikin kwanakin farko na karɓar katin, kamar 60 ko 90, in an wuce tayin ya faɗi.

Akwai hanya ta uku wadda ta yi kama da waɗannan, amma tarko ce. Mutum ya ɗauki katin bashi ya je na'urar cirar kuɗi, ya zaro tsaba, ya kai banki ya zuba. Wanda ya yi haka za a caje shi la'adar cirar tsaba, ruwa kuma ya fara hawa tun daga ran nan, ba wa'adi ko na kwana ɗaya, sa'an nan a rubuta a tarihin bashinsa cewa ya ciri tsaba da katin bashi, abin da masu ba da rance ke ɗauka alamar matsi ce.

Ga lissafin

Mu ɗauki misali. A ce wani malamin makaranta, idan an daidaita kwanakin watansa, bashin zarce ajiyar da ke kansa £1,500 ne, ruwa kuwa 39.9 cikin 100 a shekara. Wannan ya kama wajen £43 kowane wata, fiye da £500 a shekara, alhali uwar kuɗin tana nan daram ba ta ragu da kwabo ba. To, a ce ya ɗaura niyyar biya, ya ware £130 kowane wata. A watan farko £43 ruwa zai cinye, £87 kaɗai za su taɓa uwar kuɗi. A haka sai ya yi wata 14 da 'yan kwanaki kafin ya fita, jimlar ruwan da zai biya kuwa wajen £340.

Yanzu a ce ya sami katin da zai zuba masa £1,500 ɗin da la'adar 4 cikin 100, ba ruwa har wata 12. La'ada ta kama £60, bashin ya zama £1,560. A raba da 12, ya ba da £130 daidai. Kowane fam da ya biya uwar kuɗi ya ke ragewa, ranar da wa'adi ya cika kuwa ba a binsa kome. Da kuɗin nan guda da ya ke warewa, ya fita da wata biyu a kan kari, ya kuma tsira da wajen £280. La'adar da ya biya ba ta wuce ruwan mako shida na banki ba. Wannan ita ce ribar dabarar, kuma riba ce ta gaske.

Sai mu juya allon. Kamfanin kati ba zai ce masa ya biya £130 ba. Abin da zai rubuto masa shi ne mafi ƙanƙantar biya, wadda bisa ka'idar da ta fara aiki a 2011 ba ta gaza ruwa da caji na watan da kuma 1 cikin 100 na uwar kuɗi ba. Tun da ba ruwa, a wurin kamfanin da ya tsaya kan wannan ƙa'ida abin bai kai £16 ba a wata. Idan malamin nan ya ji daɗin wannan sauƙi ya tsaya a kansa, wata 12 za su cika ana binsa wajen £1,380. Ran nan ruwan katin na ainihi zai sauka a kan abin da ya rage, shi kuwa ya kan haura 20 cikin 100. In mu ka ɗauka 25 ne, ya koma biyan wajen £345 a shekara.

Ba ma wannan ne mafi muni ba. Ranar da a ka zuba kuɗin, asusunsa na banki ya dawo kan sifiri, amma izinin zarcewa yana nan a buɗe. Idan abin da ya jefa shi ramin tun farko bai sake ba, watau kashewarsa ta fi samunsa, to da kaɗan da kaɗan zai sake zarcewa. Shekara na kewayowa sai ga shi da bashi biyu, na kati da na banki, kusan ninkin abin da ya fara da shi. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Abin da kamfanin ke nema

Mai karatu zai ce, to me ya sa kamfani zai ba da kuɗinsa shekara guda ba ruwa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Da fari ya karɓi la'adarsa a hannu. Na biyu, ya san cikin masu karɓar tayin akwai da yawa da ba za su gama biya cikin wa'adi ba, ribarsa kuwa a kansu ta ke. Na uku, yana sa ran mai katin zai riƙa sayayya da shi, sayayyar kuwa sau da yawa ba ta cikin alkawarin rashin ruwa. Na huɗu, akwai sharaɗin da ke cewa wanda ya makara da biya ko sau ɗaya, ko ya wuce iyakar katin, ana iya janye masa rangwamen gaba ɗaya, a ƙara masa da tarar makara, wadda ta daɗe a wajen £12. Ba zamba a cikin wannan, duk an rubuta a takardar sharuɗɗa. Ciniki ne, kamfani ya yi lissafinsa, ya rage wa mai karɓa ya yi nasa.

Haka kuma adadin da a ke gani a talla ba alkawari ba ne ga kowa. Doka ta ce ruwan da a ka tallata ya zama aƙalla 51 cikin 100 na waɗanda a ka karɓa sun same shi, sauran ana iya ba su mai tsada. Wa'adin ma a kan rubuta shi da kalmar "har zuwa", sai wani ya nemi wata 12 a ba shi 6. Iyakar katin kuma tana iya kasa bashin, balle ma ba a kan bari a zuba iyakar duka ba, sai wajen 90 ko 95 cikin 100 nata.

Wa ke samu, wa ke rasawa? A Ingila akwai manyan kamfanoni uku, Experian da Equifax da TransUnion, waɗanda ke riƙe da tarihin bashin kowane baligi: abin da ya ranta, da ranar da ya biya, da ranar da ya makara. Da wannan tarihi a ke auna mai nema. Saboda haka wanda ya fi kowa bukatar katin, watau wanda ya riga ya fara tuntuɓe, shi ne ya fi kusa da a hana shi. Kowace nema ta sosai kuma tana barin alama, alamomi da yawa a kusa da juna kuwa suna ƙara ɓata tarihin. Maganin wannan shi ne a fara da gwajin cancanta da kamfanoni ke yi ta intanet, wanda ke nuna wa mutum ko zai samu ba tare da ya bar alamar da masu ba da rance ke gani ba.

Sharuɗɗan cin riba

Daga abin da ya gabata, mai hankali zai iya fid da ka'idodin da kansa, amma bari mu jera su. Tun kafin a nemi kati, a zauna da takardun banki na wata uku a gano inda kuɗin ke zurarewa, gama zuba ruwa a tulun da ke yoyo wahala ce. Idan an sami katin, a haɗa bashi da la'ada, a raba da yawan watannin wa'adi, a rage wata guda don ko-ta-kwana. Abin da ya fito shi ne biyan kowane wata, ba abin da kamfani ya rubuto ba. A ba banki umurni ya riƙa tura wannan adadi da kansa washegarin shigar albashi, don kada mantuwa ko sha'awa su shiga tsakani. A ranar da kuɗin su ka cike asusu, a nemi banki ya rufe izinin zarcewa, ko ya rage shi zuwa ɗan abin da ba zai zama rami ba. Katin kuwa a adana shi a akwati, kada a saya ko da burodi da shi. A ƙarshe a rubuta ranar cikar wa'adi a inda ido zai riƙa ganinta.

Idan lissafin rabawar nan ya fid da adadin da albashi ba zai ɗauka ba, to wannan ma amsa ce, gara a ji ta tun yau. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Waɗanda dabarar ba tasu ba ce

Ba kowane mai zarce ajiya ya kamata ya yi wannan ƙaura ba. Ruwan zarcewa kwana-kwana a ke lissafa shi, bisa abin da ke kan mutum a ran nan. Wanda ya kan zarce da £300 a kwana biyar na ƙarshen wata kaɗai, ruwansa bai kai fam ɗaya da rabi a wata ba, wajen £17 a shekara. La'adar ɗauke £300 kuwa £12 ce. Ribar £5 ba ta kai a buɗe sabon bashi dominta ba. Tsimin wata biyu ko uku ya ishe shi. Haka kuma wanda ke da ajiya a gefe tana kawo masa 4 cikin 100, alhali yana biyan 40 a ɗaya asusun, maganinsa yana hannunsa: ya ɗebi ajiyar ya kashe bashin.

Wanda bai sami kati ba yana da sauran ƙofofi. Yana iya neman rance mai tsayayyen biya, wanda a ke yanka masa adadi da ranar gamawa, in ruwansa ya gaza na zarcewa. Yana iya komawa wani banki mai rangwame, tun da daga 2013 a ka shirya yadda sauya banki ba ya wuce kwanakin aiki bakwai, ko da ya ke sai sabon bankin ya yarda da ɗaukar bashin. Yana kuma iya tunkarar bankinsa ya faɗi halin da ya ke ciki, gama ka'idar hukumar FCA ta ɗora wa bankuna nauyin gano masu zarcewa kullum da taimaka musu su rage, ko ta sassauta ruwa ko ta saukar da iyakar mataki-mataki. A gefen kati ma, tun 2018 an wajabta wa kamfani ya tuntuɓi duk wanda ya yi wata 18 yana biyan ruwa da caji fiye da abin da ya ke rage wa uwar kuɗi, in abin ya kai wata 36 kuwa ya shirya masa hanyar gamawa.

Wanda kuwa bashi ya riga ya kai masa iya wuya, har kuɗin haya da na wuta sun fara taruwa, sabon kati ba magani ba ne a gare shi, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Irinsa sai ya nufi masu ba da shawara kyauta, kamar StepChange, ko National Debtline, ko Citizens Advice wadda ke aiki tun 1939. Ta hannun irin waɗannan a ke shiga shirin da Gwamnati ta fara a Ingila da Wales ran 4 ga Mayu, 2021, wanda ke tsai da ruwa da tara da matsin masu bin bashi har kwana 60, don mutum ya sami sararin shirya al'amarinsa.

Abin da ya shafe mu

Akwai 'yan'uwanmu da yawa a Ingila yanzu, likitoci da masu jinya da ɗalibai da sauran ma'aikata, kuma wannan magana tasu ce kai tsaye. Sai su sani baƙon da bai daɗe ba ba shi da tarihin bashi a can, ko da kuwa bai taɓa cin kuɗin kowa ba a gida, don haka da wuya a ba shi kati mai dogon wa'adi a shekarunsa na farko, alhali izinin zarcewa ya fi sauƙin samu. Ga kuma nauyin gida, kowa na sa ran aike. Wanda ya zarce ajiya don ya aika da kuɗi gida, ya sani kowane £100 da ya bari a kansa shekara guda, £140 zai biya. Mai gudun cin ruwa ko ba da shi saboda addini kuwa ya lura, katin da a ka ce ba ruwa yana ɗauke da sharaɗin ruwa a cikin takardarsa, yana jiran ranar cikar wa'adi ko ranar makara.

A nan gida katin bashi bai yaɗu ba, katunan da ke aljihunmu galibi na cirar ajiya ne. Amma ɗaukar bashi don a kashe wani bashi ba baƙon abu ba ne ga mai albashi. Wani ya kan karɓi rance a ƙungiyar gama kai ta wurin aikinsa ya biya banki, wani ya ɗauki kwasar adashi ya sallami mai kanti, wani kuwa ya ranta a wayar hannu ya biya wani rancen na wayar. Ma'aunin duka ɗaya ne. A tambaya nawa ne ruwan a shekara, domin mai cewa 5 cikin 100 a wata, 60 ya ke nufi a shekara, in kuwa ruwan na hawa kan ruwa ya kusa 80. A tambaya nawa ne la'ada da sauran caji. A tambaya yaushe ne ranar gamawa, da abin da zai faru in an makara. Sa'an nan mutum ya tambayi kansa ko ya toshe ƙofar da ya shigo ta cikinta.

Muna roƙon malamai su kai wannan lissafi aji. A rubuta £1,500 a allo, ko naira, ko sefa, a sa yara su fid da ruwan wata, su fid da la'ada, su raba da 12, sa'an nan su gwada abin da zai rage in an biya 1 cikin 100 kaɗai. Yaron da ya yi wannan da hannunsa sau biyu ko uku, ranar da ya fara karɓar albashi wani ya zo masa da tayin rance, zai nemi fensir kafin ya sa hannu. Akawu kuma da ke zaune kan lissafin dukiyar jama'a dukan yini, ya kamata ya ware sa'a guda a wata ya yi wa albashinsa irin wannan hidima.

Sauya wa bashi gida wa'adi kaɗai ya ke saya wa mutum, la'adar nan kuwa ita ce kuɗin wa'adin. Wanda ya cika watanninsa da biya ya ci riba, wanda ya cika su da hutu ya ƙara wa kansa kaya. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.